Na sayi jirgin sama haɗin gida a Amurka, amma takardun mallaka sun yanke a hanya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka da katin zama na dindindin, kuma ina da lasisin tuƙa ƙananan jiragen sama. Watanni uku da suka wuce na sayi wani jirgi mai kujera biyu a kan dala 16,000, irin wanda mutum ke sayen kayansa daga kamfani ya haɗa da hannunsa a gida. Wanda ya haɗa shi ya kammala a 1998, ya yi masa rajista, ya yi shekaru yana tashi da shi, sannan ya sayar wa wani. Wannan na biyun bai taɓa mayar da rajistar sunansa ba har Allah ya yi masa rasuwa, sai ɗansa ya sayar wa mutumin da ni kuma na saya a hannunsa. Abin da ke hannuna shi ne rasit da mai sayarwar ya rubuta da hannu, da littafin tarihin inji. Babu takardar rajista, babu takardar cancantar tashi, babu littafin gangar jikin jirgin. Farantin shaida yana nan kusa da wutsiya da sunan wanda ya haɗa shi, lambar N, wato lambar rajistarsa, ma tana nan a jiki. Mai sayarwar ya ce in cire farantin in yi rajista a matsayin sabon jirgin da ni na haɗa, wai hakan ya fi sauƙi. Shin wannan hanya ce mai ɓullewa? In ba ita ba, ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da shawarar da mai sayarwar ya ba ka, domin a duk labarin da ka bayar ita kaɗai ce za ta iya mayar da matsalar takarda ta koma matsalar laifi. Kada ka cire farantin nan, kada ka kankare ko harafi ɗaya a jikinsa, kada kuma ka bari wani ya taɓa shi. Wanda zai yi rajistar jirgi a matsayin wanda ya haɗa shi, dole ne ya cika fom mai lamba 8050-88, wato takardar rantsuwar mallaka, ya sa hannu a gaban notari, jami'in da jiha ta ba ikon shaida rantsuwa da sa hannu. Daga baya kuma sai ya cika fom 8130-12, shi ma a gaban notari, inda zai bayyana sunan wanda ya yi mafi yawan aikin ƙira da haɗi, ya kuma tabbatar da cewa an yi aikin ne don koyo ko nishaɗi kawai. A takardun biyu ƙarya za ka rantse a kai, kuma sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin tarayya ya tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya yi wa hukumar gwamnati ƙarya da gangan. Cire farantin shi kansa haramun ne a ƙarƙashin kashi na 45 na dokokin sufurin sama, sai da amincewar FAA, hukumar sufurin sama ta Amurka. Ga mai baƙunta a ƙasa da katin zama, irin wannan tuhuma ba a kan jirgi kaɗai take tsayawa ba.

Ko da an ajiye doka a gefe, dabarar ba ta da ƙafafu. Kamfanonin da ke sayar da kayan haɗi suna riƙe da lambar ƙirar kowane kaya da sunan wanda ya fara saya. Sufeton da zai zo duba sabon jirgi zai nemi littafin aikin haɗi da hotunan da ke nuna ka kana aiki mataki bayan mataki, kuma mutumin da ya shekara yana duba jirage ba zai kasa bambanta sabon fenti da wanda rana ta yi shekara ashirin da wani abu tana duka ba. Abin da na fi so ka gane shi ne, farantin da aka ce ka jefar shi ne abu mafi daraja da kake da shi yanzu. Shi ne igiyar da ta ɗaure ƙarfen da ke gabanka da wani fayil da ke ajiye a birnin Oklahoma, kuma a cikin wannan fayil ɗin ne mafi yawan takardun da ka ɗauka sun ɓata suke kwance.

Abubuwa biyu ne a gabanka, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Na farko rajista, wadda sashen rajistar jirage na hukumar FAA da ke Oklahoma ke yi bisa kashi na 47 na dokokin, kuma tambayarta ɗaya ce: sunan wa za a rubuta a kan wannan jirgi? Na biyu takardar cancantar tashi, wadda ofishin sufetoci na yankinka ke kula da ita, tambayarta kuma ita ce ko jirgin yana da izinin barin ƙasa, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa. Rajista ce ke gaba, domin takardar cancanta ba ta aiki a kan jirgin da ba shi da rajista mai rai. Game da cancantarka kai kanka babu damuwa: doka ta yarda mai zama na dindindin ya yi rajistar jirgi da sunansa, sai dai za ka rubuta lambar katinka a fom ɗin neman rajista, wato 8050-1.

Sashen rajista ba kotu ba ne, ba ya kuma yanke hukunci a kan wane ne mai jirgi. Dokar tarayya ma ta faɗa ƙarara cewa takardar rajista ba hujjar mallaka ba ce a shari'ar da ake jayayyar mallaka a cikinta. Ma'aikatan da ke can masu bin takardu ne, kuma abin da suke bi shi ne silsila. Sashe na 47.35 ya ce idan ba daga hannun mutum na ƙarshe da ke cikin rajista ka saya ba, sai ka kawo takardun da ke nuna ciniki bayan ciniki, daga shi, ta hannun duk wanda jirgin ya ratsa, har zuwa kanka. A labarinka mahaɗai huɗu ne. Daga mai haɗi zuwa marigayi, daga marigayi zuwa wanda ke da ikon sayar da dukiyarsa, daga wannan zuwa mai sayar maka, daga shi kuma zuwa kai. Rasit ɗin da ke hannunka mahaɗi na ƙarshe kaɗai ya rufe, shi ma in an rubuta shi yadda ya kamata.

Kafin ka buga wa kowa waya, nemi fayil ɗin. A shafin hukumar na intanet za ka iya sa lambar N ko lambar ƙira ka ga matsayin rajistar kyauta, amma wannan leƙe ne kawai ta taga. Ka nemi cikakken kwafin bayanan jirgin, ɓangaren rajista da ɓangaren cancantar tashi duka biyu. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma kowa yana da damar nema. Idan ya iso, ka fara duba sunan ƙarshe da ke kan rajista, da ainihin yadda aka rubuta shi, ko mutum ɗaya ne, ko miji da mata, ko kamfani. Sannan ka duba ko mai haɗin ya sanar da hukuma cewa ya sayar. Doka ta ɗora wa mai sayarwa ya cika bayan takardar rajistarsa ya mayar wa hukuma cikin kwana 21, kuma a nan ake rubuta sunan mai saye. Idan ya yi haka, to ka sami shaida daga hannun hukuma kanta cewa jirgin ya koma hannun marigayi, ko da takardar cinikin ta ɓata. Yana ma yiwuwa marigayin ya taɓa aika takardar ciniki aka dawo masa da buƙatarsa saboda wani kuskure, ita kuma takardar ta zauna a fayil. Ka duba ko akwai bashin da aka jingine jirgin a kansa wanda ba a rubuta an warware ba. A ƙarshe, kuma wannan ne shafin da nake fargaba, ka duba ko wani ya taɓa rubuta wa hukuma cewa jirgin ya lalace gaba ɗaya ko an wargaza shi.

Dalilin fargabar shi ne wata al'ada da ta daɗe a tsakanin masu haɗa jirage a Amurka. Tun da a idon doka wanda ya haɗa jirgi shi ne maƙerinsa, wasu suna tsoron kada a yi haɗari bayan shekaru iyalan mamaci su kai su ƙara, saboda haka sai su soke rajista, su mayar da takardar cancanta, wani lokaci har su cire faranti, su sayar da jirgin da sunan tarin kayan gyara. Kasancewar farantinka yana wurinsa alama ce mai kyau cewa mai haɗin naka bai bi wannan hanya ba, amma rashin takardun biyu a lokaci guda ya isa ya sa a bincika. Idan fayil ya nuna an ba da rahoton wargazawa, tsaya da komai ka tafi ofishin sufetoci da hotuna da fayil ɗin, domin a wannan hali maganar ta wuce ta silsila.

Mu ɗauka fayil ya fito lafiya. Sai ka fara ɗinki daga inda ya fi kusa da kai. Koma wa wanda ya sayar maka ya cika maka fom 8050-2, takardar ciniki ta hukuma. Doka ta yarda da wata takarda mai kama da ita, amma rasit na hannu sau da yawa yakan rasa lambar ƙira, ko ya kira jirgin da sunan kamfanin kayan haɗi, ko ya ce an karɓi kuɗi ba tare da ya ce an miƙa mallaka ba. A nan akwai wurin da masu jiragen haɗin gida ke yawan tuntuɓe: a gurbin sunan maƙeri, sunan mutumin da ya haɗa jirgin ake rubutawa, daidai da yadda yake a rajista da kan faranti, ba sunan kamfanin da ya sayar da kayan ba. Suna, samfuri da lambar ƙira su zama iri ɗaya a kowace takarda, harafi da harafi. Haka kuma sunan mai saye a takarda ta farko ya zama shi ne sunan mai sayarwa a ta biyu, ba tare da an gajarta a nan an tsawaita a can ba. Idan mutum biyu ne suka mallaka tare, dukkansu za su sa hannu. Idan kamfani ne, wanda ya sa hannu zai rubuta muƙaminsa.

Mahaɗin gado shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, kuma doka ta yi masa bayani dalla-dalla a sashe na 47.11. Kasancewar mutum ɗan marigayi ba ya nufin shi ke da ikon sayar da jirgin. Idan kotun gado ta naɗa wasiyyi ko mai kula da dukiyar, to shi ne zai sa hannu a takardar ciniki a madadin dukiyar mamaci, a haɗa da kwafin takardar naɗinsa wanda kotu ta buga wa hatimi. Idan ba a naɗa kowa ba, kuma ba za a naɗa ba, sai magajin ya sa hannu a takardar ciniki, ya ƙara da takardar rantsuwa da ke cewa ba a nemi naɗa wasiyyi ba, iya saninsa ba za a nema ba, kuma shi ne ke da haƙƙin jirgin ko ikon sayar da shi bisa dokar jiharsa. Ka lura da wannan jimla ta ƙarshe. Idan marigayin ya bar mata da wasu 'ya'ya, ɗa ɗaya ba zai iya rantsewa a kan haka da gaskiya ba sai in sauran sun sakar masa. Bayanan kotun gado a buɗe suke ga jama'a a ƙaramar hukumar da mutumin yake zaune kafin rasuwarsa, saboda haka za ka iya tambayar magatakardan kotun ko an buɗe fayil, wa aka naɗa, kuma ko an ambaci jirgin a jerin dukiya. Idan da sauran magada, ni zan nemi sa hannun kowannensu ko da hukuma ba ta tilasta ba, domin wanda aka tsallake yau shi ne zai iya tasowa ranar da ka zo sayarwa. Kuma ka je wa iyalin nan da ladabi. Su ba su jawo maka wannan wahala da gangan ba, abin da kake nema kuma zai sa su buɗe akwatunan mahaifinsu. Sau da yawa a irin waɗannan akwatuna ne littafin gangar jiki da tsohuwar takardar ciniki suke fitowa.

Sai mai haɗi. Idan yana raye, ba shi da wuyar samu kamar yadda ake zato, domin adireshinsa na da yana cikin fayil, sunayen matuƙa suna cikin rajistar hukuma, kuma ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirage a gida tana da rassa a ƙananan filayen jirage da yawa inda tsofaffin masu haɗi suka san juna. Abin da kake so daga gare shi shi ne kwafin takardar cinikin da ya yi da marigayi in ya ajiye, ko ya rubuta sabuwa zuwa sunan marigayin yana bayyana gaskiyar lokacin da aka yi cinikin. Za a sami wanda zai ce maka ka sa shi ya rubuta takarda kai tsaye zuwa sunanka, a tsallake mutum biyun da ke tsakiya, tun da hukuma sunansa kaɗai ta sani. Ban yarda da wannan ba. Mutumin ba zai iya sayar maka da abin da ya daina mallaka shekaru da suka wuce ba, takardar tana ba da labarin cinikin da ba a yi ba, kuma in fayil ya riga ya nuna ya sayar wa marigayi, za ta ci karo da abin da hukuma ke riƙe da shi. Ko ta wuce, haƙƙin magada yana nan bai mutu ba.

To idan wani mahaɗi ya ƙi ɗinkuwa fa, mai haɗi ya rasu, ko ɗan marigayi ya yi ƙaura ba a san inda yake ba? Doka ta hango wannan. Wannan sashe na 47.35 ɗin dai ya ce wanda ya kasa kawo hujjar mallaka saboda dalili mai ƙarfi zai iya kawo wata hujja da za ta gamsar da hukuma, kuma tana iya zama takardar rantsuwa da ke bayyana dalilin gazawar, haɗe da duk wata shaida da ke akwai a kan cinikin. Wannan ƙofa ce ta gaskiya, ana kuma shiga ta cikinta, amma ƙarfin takardar rantsuwa yana cikin abin da ke bayanta. Jimla ɗaya mai cewa an nemi mutum ba a same shi ba ba ta gamsar da kowa. Ka rubuta tarihin jirgin a jere da kwanakin da ka tabbatar da su, ka bambanta abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka, ka faɗi wanda ya gaya maka. Ka aika wasiƙa mai rajista zuwa adireshin ƙarshe na wanda kake nema, idan ta dawo ka ajiye ambulan ɗin a rufe da tambarin gidan waya a jiki. Ka haɗa takardar shaidar rasuwa, kwafin cek ko bayanin banki na kuɗin da aka biya, rasit na hayar rumfar ajiye jirgi da sunan marigayi, takardar inshora, shaidar harajin jiha in akwai, da rantsuwar manajan filin jirgi ko makaniken da ya san jirgin a hannunsa. Littafin injin da kake da shi ma shaida ne, domin makanikai sukan rubuta wuri da rana, wani lokaci har da sunan mai jirgi. Idan ma'aikatan rajista ba su gamsu ba, sukan rubuto wasiƙa su faɗi abin da ya rage. Kada ka ɗauki wannan wasiƙa a matsayin ƙarshen magana. Jerin aikin da ya rage maka ne, ka amsa ta ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa sa lambar jirgin a kowane shafi.

Hanya ta ƙarshe ita ce kotun jiha. Lauya zai shigar da ƙarar tabbatar da mallaka, a sanar da duk wanda zai iya da'awa, a buga sanarwa ga waɗanda ba a san inda suke ba, alƙali ya yanke cewa jirgi mai lamba kaza naka ne. Kwafin hukuncin mai hatimin kotu hujja ce da sashen rajista ke karɓa, kuma ya fi takardar rantsuwa ƙarfi domin yana rufe bakin masu da'awa, abin da rajista ba ta yi. Sai dai a jirgin dala 16,000 dole ka zauna ka yi lissafi kafin ka shiga, ka nemi lauya ya faɗa maka kuɗinsa tun farko, ka kuma tabbatar cewa hukuncin ya siffanta jirgin da sunan maƙeri, samfuri da lambar ƙira daidai da rajista.

Maganar bashi gajeriya ce amma kada ka tsallake ta. Jinginar da aka rubuta a rajista ba ta hana a yi maka rajista, sai dai tana bin jirgin, kuma tana nan a fayil har sai an rubuta takardar warwarewa daga mai bin bashin, ko da an biya tun tuni. Idan bankin ya narke cikin wani, magajinsa za ka nema. A birnin Oklahoma akwai kamfanonin binciken mallakar jirage waɗanda wannan ne aikinsu na kullum, suna kuma iya duba takardunka kafin ka miƙa. A yanayi irin naka, kuɗinsu ba asara ba ne.

Game da lambar N da ke jikin jirgin, kada ka saki jiki cewa har yanzu tasa ce. Tsakanin 2010 da ƙarshen 2013 hukuma ta tilasta wa duk tsofaffin jirage sabunta rajista, waɗanda ba a sabunta ba kuma aka soke su, kuma rahoton sayarwa da mai saye bai biyo bayansa da neman rajista ba shi ma yana kai wa ga sokewa. Yana yiwuwa lambar tana kan wani jirgi yanzu. Idan tana nan babu mai ita, ka nemi a mayar maka. Ajiye lamba ta musamman dala 10 ne, rajistar kanta dala 5, kuma tun Janairun 2023 takardar rajista tana yin shekara bakwai. Idan sabuwar lamba aka ba ka, sai an sauya ta a jikin jirgi da a takardar cancanta, a kuma sake saita na'urar da ke bayyana jirgi ga masu kula da sararin sama, domin lambar shaidar da take aikawa tana tafiya ne da lambar N. Akwai izinin wucin gadi da ke bai wa mai saye damar tashi a cikin ƙasa da kwafin fom ɗin neman rajista, amma an gina shi a kan cewa an miƙa buƙata tare da hujjar mallaka, kuma ba ya maye gurbin takardar cancantar da ba ka da ita. Idan dole jirgin ya matsa, a cire fukafukai a ɗora shi a tirela.

Idan rajista ta fito da sunanka, sai ka juya ga ofishin sufetoci. Takardar cancantar jirgin haɗin gida ba ta da ranar ƙarewa a bisa al'ada, kuma tana bin jirgi ne idan an sayar, saboda haka idan ɓata ta yi, musanya ake nema, ba sabuwa ba. Ka nemi a haɗa maka da takardar sharuɗɗan tashi, wadda ɓangare ce ta takardar cancanta kuma dole ta kasance a cikin jirgi. Sunan mai haɗi na 1998 zai ci gaba da zama sunan maƙeri har abada. Rashin littafin gangar jiki ne zai ɗan ba ka aiki, domin a cikinsa ne ake rubuta cewa jirgin ya kammala gwajin farko, wanda yawanci awa 40 ne, ko 25 idan inji da farfela masu shaidar hukuma ne. Hukuma tana da jagora a kan sake gina bayanan da suka ɓata: a tattara abin da aka samu daga littafin inji, rasit na makanikai da littafin tashi na masu shi na baya, sannan mai jirgi ya rubuta bayani a gaban notari a kan yadda littafin ya ɓata da kiyasin awoyin da ya fi kusa da gaskiya, a buɗe sabon littafi da shi. Idan babu abin da ke tabbatar da kammala gwajin, sufeto yana iya mayar da kai wani lokacin gwaji, kai kaɗai a yankin da ya keɓe. Ni ban ga laifin haka ba a jirgin da ba a san tarihin gyaransa ba. Ka kuma sani cewa shaidar da ke bai wa mai haɗi damar yi wa jirginsa binciken shekara da kansa ba ta bin jirgi; kana iya yin gyare-gyare da hannunka, amma binciken da ake buƙata a cikin kowane wata 12 sai mai lasisin da doka ta amince da shi, kamar makanike mai lasisin gyaran gangar jirgi da inji, wato shaidar A&P, ya yi ya sa hannu.

Saura wanda ya sayar maka. A kusan dukkan jihohin Amurka, dokar ciniki tana ɗaukar cewa mai sayar da kaya ya lamunce wa mai saye cewa mallakarsa sahihiya ce, sai in an cire wannan lamuni a fili. Saboda haka taimaka maka wajen nemo ɗan marigayi nauyi ne a kansa, ba alfarma ba, kuma shi ya fi kowa sanin inda ya same shi da yadda ya biya shi. Ka rubuta masa a takarda, cikin mutunci, ka lissafa abin da kake buƙata: fom 8050-2 daga shi zuwa kai, duk wata shaidar cinikinsa da ɗan marigayi, da adireshi ko lambar wayar da ya yi amfani da ita. Ka ajiye kwafi, ka ajiye amsarsa, har da saƙon da ya ba ka shawarar cire faranti in a rubuce ya aiko shi. Kafin takardar rajista ta iso hannunka, kada ka sa ko dala ɗaya a sabon rediyo, fenti ko gyaran inji. Ka biya hayar rumfa da inshorar jirgin da ke ajiye a ƙasa kawai, ka ɗauki hoton farantin shaida da lambar inji yau ɗin nan, ka aika neman fayil daga Oklahoma a wannan makon.